Gwiwar Liman Jumare

Mutanen lungun ba su lura da komai ba sai da sujadar Malam Jumare ta fara tsawo. Da can liman ne mai sauƙi, irin wanda 'yan kasuwa suke so, ba ya tsayar da mutum a Azahar har mai saye ya gaji ya tafi. Sai ga shi a 'yan watannin nan in ya kai goshi ƙasa, mamu su gama tasbihinsu, su ƙara, su yi wa iyayensu addu'a, su gangaro kan 'ya'ya da jikoki, shi bai ɗago ba. Dattawa suka ce tsoron Allah ne yake ƙaruwa masa da shekaru. Wata tsohuwa har fura ta riƙa aiko masa don ya sa ta a cikin doguwar addu'ar. Shi kaɗai ya san ba addu'a ce take riƙe shi a ƙasa ba. Gwiwarsa ta dama ce, lallashinta yake yi ta yarda su tashi tare.

Shekararsa talatin da ɗaya yana jan sallah a wannan ƙaramin masallaci na cikin Birnin Zazzau, kafinsa kuma mahaifinsa ne. Ba masallacin Juma'a ba ne, sahu shida ne in an cika maƙil, bangonsa na ƙasa ne aka yi wa shafen siminti. Amma in ka raba Malam Jumare da tsayuwa a gaban sahun nan, shi kansa bai san abin da zai rage ba. Ko sunansa ba a kira a unguwar, Liman kawai ake cewa.

Abin da ya hana shi sakat kuwa shi ne ya san hukuncin. Shi ya karantar da shi a zaurensa, ba sau goma ba, ba sau ashirin ba: wanda ya kasa tsayuwa ko ruku'u ko sujada ba ya jan waɗanda suke iyawa. Ya yi sallarsa a zaune, sallarsa ta yi, amma a bayan wani. A ƙarshen sahun farko, ta gefen taga, akwai fararen kujerun roba guda huɗu na masu ciwon ƙafa. Uku suna da masu su. Ta huɗun babu mai hawanta, kuma duk lokacin da ya shigo masallacin sai ya kau da kai daga wajen.

Matarsa Hajiya Asama'u ce ta fara gane gaskiya, domin ta ga ya daina tsugunnawa wajen alwala, sai ya jawo turminta ya kifa ya zauna. Ta ɗauki waya ta kira 'yarsu Radiya, wadda take aure a Tudun Jukun, kuma aikinta ke nan a asibiti, gashin ƙashi da koya wa masu ciwon gaɓoɓi motsa jiki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, saboda haka shi Uwata yake ce mata. Ita kuma ta riƙe sunan da gaske, ita kaɗai ce a gidan take iya yi masa faɗa.

Ranar Asabar ta zo, ta gaishe shi, ta shimfiɗa tabarma a ɗakinsa.

"Baba, kwanta rigingine in ga ƙafar."

"In kwanta a gabanki? Wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

"Turmin Inna ne ya faɗa mini."

Ya harari ƙofar ɗaki, inda Hajiya Asama'u take tsaye tana kallon sama kamar wadda take neman hadari. Ya kwanta yana gunaguni. Radiya ta kama dunduniyarsa ta ɗaga ƙafar a miƙe, ko kamu ɗaya ba ta yi daga ƙasa ba ya cije leɓe. Ta sa ya juya rub da ciki, ta lanƙwasa gwiwar, ta tsaya cak a rabin hanya.

"Ƙashin da sauƙi," in ji ta. "Akwai 'yar zaizaya irin ta shekaru, ba ita ce babbar matsalar ba. Naman cinyarka ne da jijiyoyin bayan gwiwa suka taƙure. Daga nan zuwa zaure taku nawa ne?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba."

"Goma sha biyar. Daga zaure zuwa masallaci arba'in. Iyakar tafiyarka ke nan a duniya, Baba. Sauran yinin kana kan buzu, ƙafa a naɗe, kana ba da karatu. Ka ga fatar da ta bushe a naɗe a wurin dukawa? In aka buɗe ta da ƙarfi tsagewa take yi. Sai an riƙa ja kaɗan-kaɗan, yau da gobe, kafin ta saki."

Ta nemi tsohon rawaninsa wanda ya daina naɗawa. Ta nuna masa yadda zai kwanta ya zarga shi a tafin ƙafa, ya jawo ƙafar sama a miƙe har ya ji bayan cinya yana ja. Ta nuna masa na rub da ciki, da wanda zai dafa bango ya mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, don sharaɓa ta saki. Kowanne zai riƙe ya ƙirga ashirin, sau biyar, safe da yamma. Kafin ya fara kuma sai ya zaga tsakar gida sau goma, jiki ya ɗauki ɗumi.

"Ja za ka ji, ba zafi ba," ta ce, har da ɗaga yatsa. "Da ka ji zafi ka saki."

"Ashe duk shekarun da kika yi a makaranta miƙa aka koya miki? Uwata, kyanwa ma tana yin wannan, ba wanda ya tura ta jami'a."

"Shi ya sa ba ka taɓa ganin kyanwa tana dogara sanda ba."

Da ta tafi ya jefa rawanin a kan gado, ransa yana gaya masa ba za a ga limamin unguwa ƙafa a sama ba. Da haka maganar za ta mutu, ba don Alhaji Ja'afaru ya shigo zaure washegari ba. Alhaji Ja'afaru mai sayar da shadda ne, shi ne shugaban kwamitin masallaci, kuma tare suka yi ƙuruciya da Malam Jumare. Ya zauna ya yi ta zagaye-zagaye, daga tsadar gero zuwa rufin masallaci da yake yoyo, kafin ya iso inda ya nufa.

"Liman, azumi saura wata biyu da rabi. Asham raka'a goma ce, ga shafa'i da wuturi. Jiya a Magariba na ga ka dafa bango da za ka tashi. Ni ban ce komai ba, wallahi, amma ba ni kaɗai na gani ba. Na ce ko za ka riƙa hutawa, tunda ga Muntasir."

Muntasir shi ne na'ibinsa, ma'aikaci ne a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, mutum mai kunya da kyakkyawar ƙira'a. A hannun Malam Jumare ya fara riƙe allo. Babu abin da Malam yake ƙi a jikinsa, kuma wannan ne ya sa maganar ta fi ciwo, domin babu wanda zai huce a kansa. Ya ce wa Alhaji Ja'afaru santsin darduma ne ya sa shi dafa bango. Da baƙon ya fita, ya shiga ɗaki ya sa sakata, ya ɗauko rawanin.

Gaskiya ita ce abin ya yi aiki, kuma shi da kansa ya yi mamaki. Da carbinsa yake ƙirgawa, carbi a hannu ɗaya, rawani a ɗayan. Kwanakin farko ƙafar ta ƙi, kamar icen da aka haɗa masa a ƙugu. A mako na biyu ya ga tana ɗan wuce inda ta saba tsayawa. A na uku ya wayi gari ya tsugunna ya yi alwala, sai da ya wanke ƙafa ya tuna bai jawo turmi ba. Ciwon bayan da yake tashi da shi tun shekara biyar, wanda ya ɗauka gado ne daga mahaifinsa, shi ma ya lafa. Sujada ta koma daidai, 'yan kasuwa suka saki rai, tsohuwar nan ta daina aiko da fura. Ya ji daɗi a ransa ƙwarai, irin daɗin wanda aka yi wa barazanar kora sannan aka manta da shi.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Alhaji Usman rasuwa, dattijon unguwa kuma surukin gidan Malam Jumare. Zaman makoki ba ya yiwuwa ba liman. Tun bayan Asuba Malam Jumare yake zama a tabarmar ƙofar gida, ƙafa a naɗe, duk ayarin da ya zo shi zai ɗaga hannu ya yi addu'a, ba ya tashi sai don sallah. Ya dawo gida a gajiye ya faɗi a gado. Kwana bakwai ana haka. Daga nan aka kwashi dattawa a mota zuwa ƙauyen da dangin mamacin suke, aka ƙara kwana biyu, shi da mutum biyar a ɗaki ɗaya. A gidan mutuwa, a gaban surukai, ina zai kwanta ya ɗaga ƙafa da rawani?

Ya dawo ranar Alhamis da gwiwar da ta koma gidan jiya. Ranar Juma'a da Asuba ya dafa bango, kuma ya san Alhaji Ja'afaru yana bayansa. Gobe Asabar Radiya za ta zo ta ɗaga ƙafar ta ga inda ta tsaya.

To a nan ne ilimi ya yi masa abin da jahilci ba zai yi masa ba. Malam Jumare ya zauna ya yi tunani irin na malamai. Duk abin da aka ɗora wa mutum a kan lokaci, lokacin ya wuce bai yi ba saboda uzuri, ai ramawa ake yi. Wanda barci ya kwashe har rana ta fito, in ya farka ya rama Asubarsa. Wanda ya sha azumi don tafiya ya rama kwana da kwana. Shekara talatin yana gaya wa mutane haka, bai ga dalilin da zai sa miƙa ta fita daban ba. Kwana tara, safe da yamma, zama goma sha takwas ke nan. Sau biyar-biyar, casa'in. Ya dubi carbinsa mai ƙwaya casa'in da tara, ya ce bari ya cike shi gaba ɗaya, taran ta zama ƙari.

Bayan an sauko daga Juma'a ya shiga ɗaki ya rufe. Bai zaga tsakar gida ba, domin lokacin da ya rage kafin La'asar kaɗan ne. Ya kwanta, ya zarga rawani, ya fara. Wajen talatin ƙafar tana rawa. Wajen arba'in ja ya zama zafi, kuma ya tuna yatsan Radiya sarai, sai ya ce a ransa ita yarinya ce, ba ta san ladan da yake cikin haƙuri ba. Ya ƙara ɗaure rawanin a hannu, ya jawo ƙafar ta wuce inda ta taɓa zuwa. A ƙwaya ta sittin da huɗu ya ji wani abu ya yi ɗas a bayan cinyarsa, dab da gwiwa, zafi ya bi ƙafar har ƙugu. Ya saki rawanin ya kwanta shiru, gumi yana shiga masa kunne.

Yana nan kwance ladan ya kira La'asar. Ya lallaɓa ya miƙe, ya ga ƙafar tana takawa in ya bi ta a hankali. Bai gaya wa Hajiya Asama'u ba. Ya yi taku arba'in ɗin nan yana murmushi ga duk wanda ya gaishe shi.

Tsayuwa ta yiwu. Ruku'u ya yiwu da cije baki. Ya sauka sujada ta farko, ya zauna a karkace, ya koma ta biyu. Da ya zo tashi zuwa raka'a ta biyu, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Ya dafa ƙasa ya yunƙura, ya dawo. Ya miƙa hannu yana neman bango, ya yunƙura, wani zafi ya sa idonsa ya yi duhu. A bayansa sahu shida suna kife, goshi a ƙasa, suna jiran kabbararsa, yana jin numfashinsu. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, ya kuma ji kunya ta fi tsoron.

Wannan ma ya san hukuncinsa. Ya mayar da hannu baya, ya lalubi bakin rigar wanda yake bayansa daidai, ya ja. Muntasir ya gane. Ya matso gaba da rarrafe, bai ɗaga kai ba, kamar yadda Malam ya koya masa shekarun baya a matsayin mas'alar da ba a cika gani ba. Muntasir ya yi kabbara, sahu shida suka miƙe. Malam Jumare ya ja jiki gefe ya ƙarasa sallarsa a zaune, ƙafa ɗaya a miƙe, yana bin almajirinsa. Da aka sallame mutum biyu suka kama shi ta hammata suka kai shi gida, babu wanda ya dubi fuskarsa a hanya.

Radiya ba ta jira Asabar ba, kafin Magariba keke napep ya ajiye ta a bakin lungu. Ta duba bayan cinyar, wurin ya kumbura ya fara baƙi. Ta sa ƙanƙara, ta naɗe da bandeji, sannan ta tambaye shi abin da ya yi. Ya faɗa mata, da lissafinsa da komai.

"Casa'in da tara, Baba?"

"Ramuwa na yi, Uwata. Kwana tara ne suka kuɓuce mini."

Ta buɗe baki za ta yi dariya, sai hawaye suka riga dariyar. "Baba, tsoka ba ta san ramuwa ba. Na jiya ya wuce, na yau kawai take karɓa. Da ka dawo ka ci gaba da biyar ɗinka, cikin mako guda ka koma inda ka tsaya. Yanzu ka yaga ta. Mako shida ba za ka durƙusa ba, kuma ban san yadda za ta warke ba a shekarunka."

"Azumi fa?"

Ta ci gaba da gyara bandejin.

A kujera ta huɗu ya yi azumin bana. Ranar da ya fara zama a kanta, tsofaffin nan uku suka yi masa sannu da zuwa da zuciya ɗaya, ɗaya har ya matsa masa don ya sami iskar taga, kuma babu abin da ya ƙona masa rai a watan nan kamar wannan karamci. Muntasir ya ja Asham daga farko har ƙarshe, mutane suna yaba ƙira'arsa a ƙofar masallaci, in suka hangi Malam sai su yi shiru. Yara suka fara cewa Liman ya wuce in Muntasir ya wuce. Malam Jumare ya zama mai saurin fushi. Ya rage karatun zaure, ya daina tambayar labarin kowa. Da mako shida suka cika Radiya ta ce ya koma miƙa a hankali, ya ce mata ta ɗauke rawanin, abin da ake yi don shi ya riga ya tafi.

Wata safiya bayan ƙaramar Sallah yana zaune a bakin gado, sai Hajiya Asama'u ta shigo da tiren shinkafa. Ta zauna a ƙasa a gabansa ta tanƙwashe ƙafa tana tsinta. Da ta gama ta miƙe da tiren a hannu biyu, ba ta dafa komai ba. Matar da ya san shekara goma ke nan ba ta tashi daga tabarma sai ta kira sunan Allah sau uku ta riƙe ƙofa.

"Ke Hajiya, yaushe kika koma yarinya?"

"Tun ranar da 'yarka ta nuna maka nake yi da zanena a ɗakina. Biyar da safe, biyar da yamma. Ni ban iya lissafi mai yawa ba." Ta juya za ta fita, sai ta tsaya. "Malam, in tambaye ka. Limancin kake wa kuka ko sujadar? Wata uku ke nan goshinka bai taɓa ƙasa ba, ban ji ka ambaci wannan ko sau ɗaya ba."

Ya so ya yi mata tsawa, ya fasa. Ya yini da maganar a ƙirji, ko abincin rana bai ci ba. Da yamma ya fito tsakar gida ya fara zagayawa yana ɗingishi, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Daga ranar ita take riƙe carbin, don kada ya ƙara. Biyar ta cika ta karɓe rawanin ko yana cikin magana. Radiya ta ƙara masa da zama a bakin gado da tashi ba dafawa, da tafiya har bakin ganuwa kowace hantsi. Babu ranar da wani abin mamaki ya faru. Yau ƙafar ta tsaya nan, bayan mako ta wuce da yatsa biyu. Ranar da ya tsallake don baƙi sun zo daga nesa, washegari ya yi biyar ɗinsa kawai, yana jin kamar ya ci haƙƙin wani. Kafin babbar Sallah ya kai goshi ƙasa a ɗakinsa, ya daɗe a wurin, kuma wannan karon ba gwiwa ce ta riƙe shi ba. Ya yi kuka sosai, Hajiya Asama'u ta ja masa ƙofa.

Sai dai mutum ba ya rabuwa da abin da yake so don an gaya masa gaskiya sau ɗaya. Da sujada ta dawo, sai son tsayuwa a gaba ya dawo da ƙarfinsa. Ya riƙa gwada kansa a ɗaki. Raka'a biyu tana tafiya lafiya lau, domin tashi ɗaya ne a cikinta, ta biyun a zaune ake gamawa. Amma in ya nufi huɗu, tashi na biyu sai ya dafa gado, na uku kuwa ƙafar takan mutu gaba ɗaya. Ya gwada kwana ashirin a jere, haka. Radiya ta ce wurin da ya yage ya warke da tabo, mai yiwuwa ya ƙara saki nan gaba, mai yiwuwa iyakarsa ke nan, kuma ba za ta yi masa ƙarya ba.

Duk da haka ya aika aka kira Alhaji Ja'afaru, ya ce masa ya warke. Alhaji Ja'afaru ya yi murna, sannan ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin hularsa.

"Liman, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Jama'a da idonsu suka ga abin da ya faru. In zan koma musu da magana, gara in ce mu ma da idonmu muka gani."

Haka aka yi. Ranar Talata tsakanin Azahar da La'asar aka tura ƙofar masallaci. Mutum uku ne a ciki ban da shi: Alhaji Ja'afaru, da Malam Abdullahi ladan, da Muntasir wanda ya nemi izini daga ofis ya zo ya rakuɓe a jikin ginshiƙi kamar mai laifi. Biyu daga cikinsu Malam Jumare ne ya gyara musu sallah. Yau su ne za su duba tasa. Ya riga ya yi zagayensa da biyar ɗinsa a gida, jikinsa da ɗumi. Ya wuce gaba, ya tsaya inda sawun ƙafarsa ya cinye dardumar, ya yi niyyar nafila raka'a biyu.

Ya yi ruku'u bayansa a miƙe. Ya sauka sujada ba tare da hannu ya nemi bango ba. Ya tashi zuwa raka'a ta biyu tsaf, tashin da rabonsa da irinsa tun yana ɗan hamsin. Ya zauna zaman tahiya a kan ƙafar hagu, ta dama a kafe, ya sallame.

Malam Abdullahi yana ta hamdala ƙasa-ƙasa. Alhaji Ja'afaru ya share ido da hannun riga.

"Shi ke nan, wallahi shi ke nan. Ka yafe mana, Liman. Ko ni ban iya wannan tashin ba. Yanzu da La'asar ka koma wurinka, ni zan yi wa jama'a bayani."

Muntasir ya ce, "Alhamdu lillahi. Malam, dama riƙo nake yi maka." Kuma da gaske yake, fuskarsa ta nuna.

Ga shi an miƙo masa duka salloli biyar, babu wanda ya ce ya yi raka'a huɗu. In ya yi shiru, nan da rabin sa'a yana gaban sahu shida. Mai yiwuwa ma ƙafar ta ba shi kunya ta tashi, wa ya sani. Ya zauna yana kallon dardumar, yana son abin nan kamar ransa. Sai ya tuna ba sallarsa kaɗai ba ce. Ta mai shayi ce da ya rufe tebur ya zo, da ta tela, da ta tsohon da aka riƙo hannunsa, dukansu sun kife goshi sun ba shi amana.

"Alhaji," ya ce. "Biyu na yi muku saboda biyu nake iyawa. Tashi ɗaya gwiwar take ba ni. Na gwada huɗu a gida kwana ashirin, ban kai ba ko sau ɗaya."

Ya ɗago kai ya dube su.

"Asuba raka'a biyu ce," ya ci gaba. "Ko za a bar mini ita."

Alhaji Ja'afaru ya juya ya dubi Muntasir, domin yanzu ba shi ne mai bayarwa ba. Malam Jumare ya ga wannan juyawar, ta shige shi har ƙashi. Shi ma ya juya ya fuskanci yaron da ya koya wa riƙe alƙalami, ya jira.

Muntasir ya sauko daga jikin ginshiƙin ya durƙusa a gabansa, hawaye yana zuba a gemunsa. "Malam, don Allah kada ka roƙe ni. Asuba taka ce. Ni zan riƙa zuwa in tsaya a bayanka."

"Na gode," in ji Malam Jumare.

Malam Abdullahi ya dubi agogon bango, ya tashi ya buɗe ƙofa, ya fita ya kira La'asar. Mutane suka fara shigowa suna karkaɗe ruwan alwala, suka ga tsohon limaminsu zaune a gaba, ba a kujera ba, suka fara taɓa juna. Da aka tayar da iƙama ya dafa kafaɗar Alhaji Ja'afaru ya miƙe. Ya yi taku biyu da baya ya shiga sahun farko, ya daidaita ƙafarsa da ta tela. Muntasir yana tsaye a gefe, ya kasa ɗaga ƙafa, wurin liman babu kowa.

"Wuce gaba, Liman," in ji Malam Jumare. "Mutane suna jira."